Sa'ad da maganin wuta ya koma abincinta: sinadaran fulorin a cikin iskar N2O

Wanda ya taɓa leƙa ɗakin da ake jibge manyan na'urorin kwamfuta zai iya tuna wasu jajayen tukwanen gas a tsaye jikin bango, bututu ya tashi daga kansu ya bi rufi. Abin da ke ciki galibi sinadari ne mai fulorin, irin su HFC-227ea da aka fi sani da sunan kasuwa FM-200. Da wuta ta tashi sai a sake shi, cikin daƙiƙa 10 ya cika ɗakin da wajen kashi 7 cikin 100, wutar ta mutu, babu ruwa, babu kumfa, babu garin da zai lalata na'ura. Wannan adadi gaskiya ne, an gwada an gani. Sai dai yana da sharaɗin da ba a cika faɗa ba, don ana ganin ai kowa ya sani: a cikin iskar da muke shaƙa aka auna shi. In aka cire iskar aka kawo naitiros oksaid, wato N2O, iskar nan ta asibiti da ake kira iskar dariya, lissafin ba rauni kawai yake yi ba, wani lokaci kifewa yake yi gaba ɗaya.

Kafin a gane dalili, sai an san abin da ake nufi da iyakar kamawar wuta. Gas mai cin wuta ba kullum yake kamawa ba don kawai an kawo masa tartsatsi. In ya yi kaɗan a cikin iska, ba ya kamawa. In ya yi yawa har ya kore iskar, nan ma ba ya kamawa. Metan yana ci ne daga kashi 5 zuwa kashi 15 cikin 100 na iska. Furofen, wanda ke cikin gas ɗin girki, daga wajen kashi 2 zuwa 9 da rabi. Haidurojin shi ne mai faɗin gona, daga kashi 4 har zuwa 75. Adadin farko shi ne iyakar ƙasa, na biyu iyakar sama, tsakaninsu kuma filin haɗari.

Iyakokin nan ba doka ba ce da aka rubuta a jikin gas ɗin. Sakamakon ciniki ne tsakanin samu da asara. Harshen wuta yana tafiya ne in sashen da ya ƙone ya iya dumama maƙwabcinsa har shi ma ya kama. In zafin da ake samu ya gaza wanda ke salwanta zuwa bango da iskar da ba ta shiga rigimar, tafiyar ta tsaya. Saboda haka duk abin da ya ƙara zafi ya faɗaɗa filin, duk abin da ya sha zafi ya ƙuntata shi. A riƙe wannan, domin komai na gaba a kansa ya rataya.

Ita N2O tsohuwar sani ce. Joseph Priestley ya fara haɗa ta a 1772, Humphry Davy ya shaƙe ta ya bayyana yadda take sa mutum dariya, a 1844 kuma wani likitan haƙori a Amurka, Horace Wells, ya sa aka cire masa haƙori yana cikin mayenta. Daga nan sunanta ya zauna a bakin mutane a matsayin iskar asibiti mai laushin hali, kuma kasancewar ba ta kama wuta da kanta kamar metan ya ƙara mata wannan farin jini. Amma ɗalibin kimiyya ya san wani gwaji: ka hura ashana ta mutu, saura jan garwashi a bakinta, ka tura ta cikin kwalbar N2O, sai ta sake tashi da wuta.

Dalili biyu ne. Na farko, oksijin ya kai kashi 36 cikin 100 na nauyin N2O, alhali a iska kashi 23 ne. In ta tarwatse, ƙwaya 2 suna ba da naitirojin 2 da oksijin 1, wato kashi ɗaya cikin uku na abin da ya fito oksijin ne, ba kashi 21 na iska ba. Na biyu shi ne wanda aka fi mantawa, kuma ya fi muhimmanci. Oksijin na iska ba ya zuwa da ko sisin zafi nasa. Ita N2O da guzurinta take zuwa. Duk giram 44 da ya tarwatse yana sakin kilojul 82, ko da babu makamashi, wato abin ƙonewa, ko kaɗan a wurin, kuma wannan kaɗai ya isa ya kai abin da ya fito zafin da ya haura digiri 1,600 a ma'aunin Salshiyos. Abin da ke riƙe ta shi ne taurin kai wajen farawa, don sai zafi ya kai wajen digiri 600 take fara sakin jiki. In ta fara a cikin tanki mai matsi, ba ta neman izini. A Yulin 2007 mutum 3 suka mutu a Mojabe ta jihar Kalifoniya lokacin da ake gwajin kwararar N2O na injin roka, ba a ma kunna injin ba. A Agustan 2016 wata tankar mota ta fashe a masana'antar N2O da ke Kantonmen a jihar Fulorida, ma'aikaci ɗaya ya rasu; hukumar binciken haɗurran sinadarai ta Amurka ta fi zargin famfon da ya yi zafi ya tayar da tarwatsewar.

To ka haɗa wannan iska da makamashi. A iska, ƙwayar metan ɗaya tana buƙatar oksijin 2, su kuma suna jan naitirojin 7 da rabi a bayansu, 'yan rakiya da ba abin da suke yi sai shan zafi. A N2O ƙwaya 4 kacal ake buƙata, kowace da nata zafin. Shi ya sa iyakar ƙasa ta metan take sauka ƙasa da kashi 5, ta sama kuma take tashi daga 15 ta kai 40 ko ta wuce. Iyakar sama ta haidurojin ma takan haura 80.

Yanzu ga masu kashe wuta. Sarkinsu a da shi ne Halon 1301, CF3Br, wanda kashi 3 cikin 100 nasa kan kashe wutar man heften a gwajin da ake yi da ƙaramin kofi. Naitirojin sai ya haura kashi 30 kafin ya yi wannan aikin. Wannan tazara ba ta shan zafi ba ce. Sirrin yana wurin buromin, wato Br ɗin da ke jikin halon.

Wuta a ƙasan gani ba haɗuwar makamashi da oksijin ba ce kai tsaye. Wasu 'yan gutsattsari ne marasa haƙuri ke yin aikin: H na haidurojin, O na oksijin, da OH haɗin biyun, waɗanda ba sa iya zama su kaɗai sai sun cafki wani abu. A wutar iska akwai mataki ɗaya da ya fi kowane nauyi: H ya haɗu da O2, su ba da OH da O. Gutsure ɗaya ya shiga, biyu sun fito. Haihuwa ke nan, kuma ita ce ke sa wuta ta yaɗu kamar annoba. Buromin yana tare hanya a daidai nan. HBr, wato haɗin haidurojin da buromin, ya kama H ya mai da shi H2 mai natsuwa, Br ya fita, ya sake samun wani H ya koma HBr, ya sake kamu. Ƙwayar buromin ɗaya tana zagayawa sau da dama, kuma duk H ɗin da ta kama ba shi kaɗai aka rasa ba, har da 'ya'ya da jikokin da zai haifa.

Wannan buromin ɗin dai shi ke cin rufin ozon da ke kare duniya daga illar hasken rana, sai yarjejeniyar Montiriyal ta 1987 ta yanke masa hukunci, ƙasashe masu arzikin masana'antu suka daina sarrafa halon daga farkon 1994. Magadansa su ne masu fulorin zalla: HFC-23 wato CHF3, HFC-125 wato C2HF5, HFC-227ea, da C4F10, daga baya kuma Novec 1230. Fulorin ma yana kama H, har ya fi buromin riƙo. Matsalar ke nan. HF, wato haɗin haidurojin da fulorin, ɗaya ne daga cikin haɗe-haɗe mafi ƙarfi a kimiyyar sinadarai, in ya kama ba ya saki, don haka kowace ƙwayar fulorin kamu ɗaya take yi ta yi ritaya. Mafi yawan aikin waɗannan sinadarai shan zafi ne, kasancewar ƙwayoyinsu manya ne masu nauyi, sai ɗan kamun gutsattsari a kai. Shi ya sa ake buƙatar wajen kashi 6 da rabi na HFC-227ea, kusan 9 na HFC-125, da wajen 13 na HFC-23 a gwajin kofin da halon ke gamawa da 3.

Masu gwaji suna zana abin a takarda. A tsaye adadin makamashi, a kwance adadin sinadarin da ake ƙarawa. Ka fara daga hagu da iyakoki biyu, ta ƙasa da ta sama. Kana ƙara sinadari, ta sama tana gangarowa, ta ƙasa tana ɗan ɗagawa, har su haɗu a wani tsini kamar hanci. Bayan hancin nan babu haɗin da zai kama, ko wane adadin makamashi ka zuba. Adadin da ke bakin hancin shi injiniya ke nema, shi yake rubutawa a takardar tsari. Da naitirojin ko kabon dayoksaid zanen yana fitowa tsaf yadda aka faɗa.

Da masu fulorin a cikin N2O kuwa, abubuwa biyu ke lalata zanen, kuma sun taru a kan juna.

Na farko, matakin da suke tarewa ya rage daraja. A N2O, babban aikin H shi ne ya haɗu da N2O su ba da N2 da OH. Ɗaya ya shiga, ɗaya ya fito: miƙa sanda ne kawai, ba haihuwa ba. Sababbin gutsattsari galibi daga tarwatsewar N2O ɗin kanta suke fitowa, inda zafi ke fizge O daga jikinta, wannan kuwa ba ruwansa da ko an kama H ko ba a kama ba. Zafi kawai yake tambaya. Kamun H bai zama banza ba, yana rage gudu, amma ribar nan ta kashe zuriya tun daga kaka ta ragu ƙwarai. Mai gadi yana tsare ƙofar gaba, baƙi suna shigowa ta baya.

Na biyu ya fi muni. Sinadaran nan suna da kabon a jikinsu, wasu har da haidurojin. Kalmar "ba ya cin wuta" da ke jikin tukunyarsu tana nufin wutar iska ba ta da zafin da zai ci gaba da farfasa su da kanta. Ba ta nufin babu zafi a cikinsu. In wuta ta yi ƙarfin da ta tsinke haɗin kabon da fulorin, kabon ya tafi ya zama CO2 ko COF2, fulorin ya zama HF, kuma da yake haɗin HF ya fi wanda aka tsinke ƙarfi, bambancin zafi ne ke fita. Wutar N2O tana da wannan ƙarfin har da rara. N2O ɗin ce ake haɗawa da asitilin, gas ɗin walda, a ɗakin bincike in ana son harshen da ya wuce digiri 2,600 don farfasa ƙarafa masu taurin kai, inda asitilin da iska ke tsayawa wajen 2,300.

Ka duba abin da wannan ke yi wa iyakar ƙasa. A can, abin da ya yi ƙaranci makamashi ne, oksijin kuwa ya yi yawa har ba a san yadda za a yi da shi ba. Ka ƙara sinadarin da zai iya ƙonewa, ka cike giɓin da ya hana wutar tashi ke nan. Haɗin da a da bai kai ya kama ba, yanzu ya kai. Sai layin ƙasa, maimakon ya ɗaga, ya sunkuya. Masu bincike a Rasha sun gwada CHF3 da C2HF5 da C4F10 a haɗin haidurojin da N2O da na metan da N2O, kuma abin da ya fito ya nuna wannan fuska biyu: a wani ɓangare suna dakile wuta, a wani suna zama ƙarin makamashi.

A yi musu adalci, a gefen sama suna aiki, layin yana gangarowa da sauri. Amma in ka lura, har nan ma wani kaso na nasarar daga halinsu na makamashi ne: inda oksijin ya riga ya yi ƙaranci, su ma sun zo suna wawaso. Hali ɗaya ne ke ja da layukan biyu ƙasa. Sakamakon shi ne filin haɗarin duka ya karkata, hancin ya zame zuwa inda makamashin asali ɗan kaɗan ne. In kuwa sinadarin da kansa yana iya ci a cikin N2O, filin yakan je ya taɓa layin kwance, wato haɗin N2O da "maganin wuta" su biyu kawai, babu metan babu haidurojin, ya zama abin da tartsatsi zai tayar.

Akwai wani lissafi da ke bayyana bambancin sinadaran, shi ne yawan H idan an gwada da yawan F a cikin haɗin duka. Fulorin yana sakin zafinsa mafi yawa in kowace ƙwayarsa ta sami H da za ta aura. CHF3 yana da H ɗaya ga F 3, C2HF5 ɗaya ga 5, C4F10 ba shi da ko ɗaya. Sauran H ɗin daga ina za su fito? Daga makamashin da aka zo kashewa, ko daga danshin ruwa. Ke nan haidurojin da metan ba abokan gaba ba ne kawai ga waɗannan sinadarai, su ne ke kawo musu abin da suka rasa. Wannan ne ma ya sa a gwajin iskar firji masu fulorin ake kula da danshin iska, don yakan sauya sakamako.

Kada a ɗauka sai a N2O wannan hali ke fitowa. Hukumar jiragen sama ta Amurka tana da gwajin da ke kwaikwayon fashewar gwangwanin feshi a ɗakin kaya na jirgi: a saki furofen da barasa da ruwa a kan tartsatsi cikin babban tanki rufaffe. Da aka zo gwada magadan halon a farkon shekarun 2000, sai aka ga HFC-125, in an zuba shi ƙasa da adadin da ke hana kamawa gaba ɗaya, matsin fashewar ya fi na lokacin da ba a zuba komai ba. Haka 2-BTP, wani magajin halon ɗin, ya yi, haka Novec 1230. Halon 1301 bai yi hakan ba. A iskar duniya ke nan, da duk naitirojin ɗinta mai shan zafi. N2O ba ta ƙirƙiro halin ba, fili ta ba shi.

Likitocin sa barci sun riga injiniyoyi cin karo da abin. Tsofaffin magungunan sa barci, wato itar (ether) da sayikulofurofen, sun sha tayar da gobara a ɗakin tiyata, shi ya sa da halotan ya shigo asibiti a 1956, sinadari mai fulorin da kulorin da buromin a jiki, aka karɓe shi hannu biyu a matsayin wanda ba ya kamawa. A iska haka ne. Amma a haɗin N2O da oksijin yana kamawa in ya kai wajen kashi 5 cikin 100. Abin da ya cece shi shi ne abin da ake ba majiyyaci ya yi ƙasa da haka sosai, galibi kashi 1 zuwa 2. Dubi abin mamaki: ɗan uwan halon ne a tsari, har da buromin, amma canjin iska kawai ya mai da shi makamashi. Har yau ana guje wa N2O a tiyatar maƙogwaro da ake amfani da hasken leza, domin a idon wuta ba ta da bambanci da oksijin.

Wani abin da ke ƙara dagula lamarin shi ne awon kansa. Tsohuwar hanyar hukumar ma'adinai ta Amurka bututun gilashi ne mai tsayin mita 1 da rabi, faɗin santimita 5, a kunna daga ƙasa a ga ko harshen ya kai sama. Yanzu an fi amfani da rufaffen tulu a duba hawan matsi, Turai na ɗaukar kashi 5 cikin 100 a matsayin an kama, wata ƙa'idar Amurka kashi 7. A iska waɗannan hanyoyi ba sa nisa da juna sosai. A N2O, saboda taurin kanta wajen farawa da saurinta bayan ta fara, ƙarfin tartsatsin yana sauya amsa. Ƙaramin tartsatsi ya ce lafiya lau, babba ya ce a'a. An ga wannan a binciken da aka yi saboda tankunan sharar nukiliya na Hanfod a jihar Washinton, inda wani tanki mai lamba 101-SY ya riƙa yin gyatsar haidurojin da N2O da amoniya lokaci-lokaci har aka sa masa famfon motsawa a 1993. Don haka in aka ba ka adadin iyaka a N2O ba a faɗi girman tulu da ƙarfin tartsatsi ba, rabin labari aka ba ka.

A ganina, inda N2O ce mai rura wuta, zaɓin da ya fi hankali shi ne wanda ba shi da ado: naitirojin ko kabon dayoksaid, waɗanda ba su da zafin da za su bayar. Ana buƙatar su da yawa, haɗin metan da N2O sai naitirojin ya kai wajen kashi 70 cikin 100 yake mutuwa, amma layinsu ba ya sunkuyawa ta inda ba a zata ba. Ga kuma batun hayaƙi. Sinadarin fulorin da ya shiga wuta bai kashe ta ba yana fitowa ne a matsayin HF, mai cin huhu da gilashi, da COF2, ɗan uwan iskar gubar nan fosjin. Ƙari a kan haka kasuwarsu ma tana tsukewa: gyaran da aka yi wa yarjejeniyar Montiriyal a Kigali a 2016 ya wajabta rage HFC saboda ɗumamar yanayi, kamfanin 3M kuma ya sanar a ƙarshen 2022 cewa zai bar sarrafa irin waɗannan sinadarai, ciki har da Novec 1230.

Akwai tarko na ƙarshe da ya fi kama ƙwararru fiye da baƙi. A masana'anta an saba da ƙa'idar cewa in oksijin ya sauka ƙasa da kashi 12 cikin 100, metan ba zai kama ba, sai a liƙa na'urar awon oksijin a jikin tanki a riƙa kallon allonta. Na'urar O2 take nema. Oksijin ɗin N2O a ɗaure yake da naitirojin, ba ta ganinsa. Tanki mai kashi 20 na metan da kashi 80 na N2O, wanda shi ne haɗin da ke ƙonewa ƙurmus ba saura, allon zai nuna masa sifili.